Amsoshin Takardunku: Dogon Gilashin Masu Ɗaukar Hoton Ƙwallo

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya rubuto yana cewa, don Allah mene ne amfanin zungura-zunguran abubuwan nan masu kama da bututu da ake ɗaura wa kyamara a filin ƙwallo? Kuma me ya sa ake ce wa waɗansunsu "masu sauri"?

AMSA: To Malam, madalla da wannan tambaya. Abin da ka gani gilashin jawo nesa ne. Da milimita ake auna ƙarfinsa. Gilashi na yau da kullum 50 ne, na masu hoton ƙwallo kuwa 300 ko 400. Mai 400 zai nuna maka ɗan wasa da girma ninki takwas bisa ga mai 50.

Batun sauri kuma, ai gilashi ba ya gudu. Kyamara ƙiftawa take yi kamar ido, ta buɗe haske ya shiga, ta rufe. In ta daɗe a buɗe, mai gudu sai ya fito dishi-dishi. In kuma ta ƙifta da sauri alhali haske bai isa ba, hoton ya yi duhu. Maganin abin shi ne a faɗaɗa ƙofar da haske ke bi. Za ka ga an rubuta f/2.8 ko f/5.6 a jikin gilashin. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Mai 2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na mai 5.6. Ke nan inda mai 5.6 zai buƙaci kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, shi kashi ɗaya cikin 1,000 ya ishe shi. Shi ya sa ko da wasan dare ne, za ka ga ƙwallo ta tsaya cak a iska. Ga shi kuma yana dusar da 'yan kallon da ke baya, ɗan wasan ya fito fes shi kaɗai.

Amma fa sai an biya. Gilashi mai 400 da ƙofa 2.8, faɗin bakinsa ya haura santimita 14. Irin na da sun kai kilo 5, na yanzu wajen kilo 3, shi ya sa ake dafa musu da sanda mai ƙafa ɗaya. Kuɗinsa kuwa sau da yawa ya fi na kyamarar kanta.

Saboda haka in hoton biki da suna kake yi, kada ka wahalar da aljihunka. In kuwa dawakin hawan sallah kake so ka kama suna sukuwa da la'asar sakaliya, to a nan ne zai yi maka rana.