Keken ɗunki da teburinsa: daga ina suka fito?

Jama'ar Damargu, duk wanda ya ci kasuwar Tanut, ko ta Belbeji, ko ta Bakin Birji, ya san rumfar teloli. In Salla ta matso, ƙarar keke ba ta yankewa har dare. Wannan keke yana ciyar da gidaje masu yawa. To, ya kamata mu san asalinsa, mu san yadda yake aiki, don mu iya riƙe shi da kyau.

A da, allura da hannu ne ke ɗunka kowace tufa. Riga guda sai ta ci kwanaki. A 1830, wani tela na ƙasar Faransa, mai suna Barthélemy Thimonnier, ya ƙera keken ɗunki da itace. Kekensa zare guda yake aiki da shi, yana yin ɗunki kamar sarƙa. Aka buɗe masa wurin aiki a birnin Paris, da keke 80, ana ɗunka kayan soja. Telolin birnin suka tsorata, suna ganin abincinsu zai ƙare. A 1831 suka afka wa wurin, suka farfasa kekunan. Thimonnier ya mutu a 1857 cikin talauci.

Ɗunkin sarƙa yana da aibi guda: in zaren ya tsinke wuri ɗaya, ka ja shi, sai duka ya warware. Maganin wannan daga Amurka ya zo. A 1846, Elias Howe ya samu takardar shaidar kekensa mai zare biyu. A 1851, Isaac Singer ya fito da nasa, mai allura a tsaye. Kamfanin Singer ya riƙa saida keke bashi, ana biya kaɗan-kaɗan. Ta haka talaka ya samu saye, keke ya bazu cikin duniya.

Yaya keke yake ɗunki?

Ku dubi allurar hannu: kafarta tana gindi. Allurar keke kuwa, kafarta tana kusa da tsini. In ta huda ƙyalle, sai ta kai zaren sama can ƙasa. A nan akwai ƙoshiya, kamar ta masaƙa, ɗauke da zare na biyu. Sai zaren nan biyu su sarƙe da juna tsakiyar ƙyallen. Allura ta koma sama, wasu ƴan haƙora na ƙarfe su tura ƙyallen gaba. Haka ake ta yi, sau ɗaruruwa cikin minti guda. Shi ya sa in ɗunki yana tattarewa, ko zare yana cukurkuɗewa ta ƙasa, yawanci ɗaurin zaren ne bai daidaita ba. Keken bai mutu ba.

Teburin fa?

Yanzu ku shafa teburin da aka ɗora keken. Galibi ba katako guda ba ne mai kauri. Falle-falle ne na itace, marasa kauri, aka manna su da gam. Misirawan dā sun san wannan dabara, amma da zarton hannu suke yanka. Aikin yana da wuya, itace mai yawa kuma yana tafiya cikin gari. A 1806, wani Bafaranshe da ke zaune Ingila, Marc Brunel, ya samu takardar shaidar injin yanka fallen itace. Bayan haka aka ƙera wani injin da ke juya gungume a bakin doguwar wuƙa. Itacen yana fita shimfiɗe, kamar ana warware bandir ɗin yadi.

Ana ɗora fallayen bisa juna: wannan a tsaye, na gaba a gicciye. Saboda haka katakon ba ya saurin tsagewa ko lanƙwashewa. Gungume guda kuma yana ba da katako mai faɗin gaske. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin Damargu ba ƙasar manyan itatuwa ba ce. Katakon da kafintocinmu ke aiki da shi daga nesa ake kawo shi, da tsada.

Abin da tela zai kiyaye

Maƙiyan keke a ƙasarmu uku ne: rairayi, ruwa da gara.

1. Lokacin hunturu da iska mai ƙura, ka rufe keke da zane in ka tashi aiki.
2. Ka share gurbin ƙoshiya kafin ka sa mai. Mai da rairayi in sun haɗu, suna cin ƙarfe.
3. Ka yi aiki da man keke kawai. Man gyaɗa yana daskarewa, ya riƙe ƙarafa.
4. Kada ka ajiye kwanon ruwa bisa tebur. Ruwa yana sakin gam, fallen ya ɓamɓare.
5. Da damana, ka nisanta keke daga wurin yoyo, ka riƙa duba gara.

Telolin Paris sun farfasa keke don tsoro, amma yau telolin duniya da shi suke cin abinci. Ƴan'uwa, a darasi mai zuwa ku gayyaci telan garinku. Ya buɗe muku kekensa, ku ga ƙoshiyar da idonku. Wanda ya iya karatu da lissafi kuwa, shi ne zai rubuta awon masu kawo ɗunki, ba ya ɓata wa kowa yadi.