Filin Golf da 'Yan Kallo: Yadda Rashin Wuri Ke Raba Gari da Babbar Gasa

A wasan ƙwallon ƙafa, ɗan kallo yakan sami kujerarsa ya zauna, ya ga kome daga farko har ƙarshe. Wasan golf ba haka yake ba. Fili guda yana da ramuka 18, kuma kafin ɗan wasa ya zaga su duka sai ya yi tafiyar da ta kai mil huɗu. 'Yan kallo kuwa binsa suke yi a ƙafa daga wannan rami zuwa wancan. Saboda haka, duk filin da ke neman a yi babbar gasa a cikinsa, kyan ciyawarsa kaɗai ba zai wadatar ba, sai an tabbata yana da sararin da zai ɗauki jama'a.

Tarihin gasar Open ta Birtaniya, wadda ta girmi sauran manyan gasannin golf na duniya, ya isa misali. A filin Prestwick na ƙasar Scotland aka fara ta a 1860, aka kuma yi ta a can har sau 24. Amma filin matsattse ne, hanyar jirgin ƙasa ta tokare shi ta gefe guda, teku ta ɗaya gefen. A 1925 mutane suka yi dafifi fiye da kima, masu tsare oda suka kasa shawo kansu. Macdonald Smith, wanda ya shiga zagayen ƙarshe yana gaban kowa da bugu biyar, ya rasa sararin yin wasansa a cikin turmutsitsin, har Jim Barnes ya ɗauke kofin. Tun daga wannan shekara gasar ba ta sake komawa Prestwick ba. Da shekara ta kewayo, a 1926, aka soma karɓar kuɗin shiga.

Filin Royal Portrush na Ireland ta Arewa shi ma ya ɗanɗana irin wannan rashi. An yi gasar a can a 1951, daga nan sai da aka shekara 68 kafin ta dawo. Ban da tashin hankalin siyasa da ya addabi yankin shekara da shekaru, akwai matsalar wuri, domin gasar zamani tana bukatar rumfunan abinci da na ciniki, da dandamalan zama, da wurin kayan talabijin. Don su cika sharuɗɗan hukumar R&A mai shirya gasar, masu filin suka sadaukar da raminsu na 17 da na 18 aka kafa rumfuna a wurin, sa'an nan aka gina sababbin ramuka biyu a kan ƙasar da aka yanko daga filinsu na biyu da ke maƙwabtaka.

Kwalliya kuwa ta biya kuɗin sabulu. A 2019 mutum 237,750 suka halarta cikin mako guda, a garin da mazaunansa ba su kai 10,000 ba. A wannan shekara ce aka fara ƙa'idar cewa sai mai tikitin da ya saya tun da wuri zai shiga. Da gasar ta koma Portrush a 2025, adadin ya kai 278,000. A St Andrews kuwa, mutum 290,000 ne suka taru a 2022 don gasa ta 150, bayan an raba tikiti ta hanyar ƙuri'a saboda yawan masu nema.

Abin da ya sa hukumar ke dagewa a kan yawan jama'a shi ne, da ribar wannan mako guda take tallafa wa wasan golf a ƙasashe da dama. Filin da ba zai iya faɗaɗa ba, kome daɗewar tarihinsa, yana iya bin sahun Prestwick.