Thomas Edison: Gwaje-gwajensa na Farko da Takardun da Ya Bari

An haifi Thomas Edison a Jihar Ohio ta ƙasar Amurka a shekarar 1847 Miladiyya, ya kuma mutu a 1931. Bai yi zurfin karatu a makaranta ba. Tun yana saurayi ya kama aikin buga wayar tangarahu, kuma a nan ne ya laƙanci yadda lantarki ke bin waya. A shekarar 1869 ya sami takardar mallakar ƙirƙira ta farko, a kan wata na'urar ƙidayar ƙuri'un 'yan majalisa. Na'urar ba ta karɓu ba, amma gaba ɗaya irin waɗannan takardu da aka ba shi a Amurka sun kai 1,093.

A 1876 ya gina ɗakin gwaje-gwaje a Menlo Park, cikin Jihar New Jersey, inda a 1878 ya duƙufa kan ƙwan lantarki. Matsalar ita ce samun siririn zare wanda lantarki zai bi ya yi zafi har ya ba da haske, ba tare da ya ƙone ba. Da farko sun gwada ƙarfen filatinam, sai ya yi tsada. Daga nan suka koma gasa zaren auduga har ya zama gawayi, su sa shi cikin gilashi, su zuƙe iskar ciki, domin abu ba ya cin wuta inda babu iska.

A nan ne amfanin takardun ya fito fili. Shekara da shekaru ana faɗa, har cikin littattafan makaranta, cewa a ranar 21 ga Oktoba 1879 ƙwan Edison ya yi awa 40 yana ci. Amma kundin gwaji na mataimakinsa, Charles Batchelor, ya nuna cewa a ranar 22 ga wata aka kunna ƙwan da ƙarfe 1:30 na dare, ya kai ƙarfe 3:00 na rana, wato awa 13 da rabi. Da aka ƙara masa ƙarfin wuta sai ya ƙara kimanin awa guda, gilashin ya tsage. Masana tarihi biyu, Robert Friedel da Paul Israel, sun bayyana haka a littafinsu na 1986.

Edison ya bar kundayen gwaji fiye da 3,000, kuma takardunsa gaba ɗaya sun kai kimanin shafi miliyan 5. Yawancinsu suna adane a tsohon ɗakin gwajinsa na West Orange a hannun gwamnati. Tun 1978 Jami'ar Rutgers take tantance su tana bugawa.

Akwai kuma wasiƙu da takardu masu sa hannunsa da suka faɗa hannun 'yan kasuwa, ana sayar da su a gwanjo. Masu tara irin waɗannan kaya sukan duba abu uku: ko shi ya rubuta da hannunsa ko magatakarda ne, ko irin takardar da tawadar sun dace da zamanin, da kuma jerin hannayen da ta bi kafin ta iso. Wadda ba a san asalinta ba, darajarta takan faɗi.

Sai dai kuɗin takarda daban, amfaninta ga tarihi daban. Shafin Batchelor ya zama hujja ne domin yana ɗauke da kwanan wata, kuma yana nan tsakanin shafukan da suka gabace shi da waɗanda suka biyo baya. Da an yage shi an sayar, da wuya a iya gyara labarin awa 40. Saboda haka ya kamata malamai su riƙa nusar da ɗalibai cewa duk labarin da aka ba su, su tambayi wanda ya rubuta shi da ranar da aka rubuta.