Jirgin Ƙasa a Hanyar Makka

A da, idan Bahaushe ya ɗaura niyyar aikin Hajji, yakan yi sallama da dangi kamar wanda ba zai dawo ba. Yakan bar Kano ko Katsina da ƙafa ko a kan jaki, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, yana tafiya yana tsayawa neman guzuri ta hanyar noma ko ƙwadago. Wani yakan shekara biyar ko fiye kafin ya ga Ka'aba, wani kuma ajali ya riske shi a hanya. Da yawa sun yada zango a Sudan ba su tashi ba, shi ya sa har yau ake samun garuruwan Hausawa a can, irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu.

Jirgin ƙasa ya fara rage wannan wahala ne a farkon ƙarni na ashirin. A shekarar 1912 layin dogo na Sudan ya kai garin Al-Ubayyid, saboda haka maniyyacin da ya iso can da kuɗin mota a hannu yana iya shiga jirgi ya nufi bakin Bahar Maliya, daga nan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. A wajen arewa kuma, Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta shimfiɗa dogo daga Dimashƙa, wanda ya isa Madina a 1908. Tafiyar da ayarin raƙuma ke yi cikin kwana arba'in ta koma ta 'yan kwanaki. Sai dai wannan dogo bai kai Makka ba, kuma an lalata shi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba Musulmi kaɗai ne suka ci moriyar jirgi ta wannan fuska ba. A Faransa ma, zuwan dogo garin Lourdes a 1866 shi ya buɗe wa Kiristoci 'yan Katolika hanyar kai ziyara can da yawansu, har da marasa lafiya.

Daga baya jirgin sama ya ɗauke wa alhazan Nijeriya da Nijar doguwar tafiyar, amma ya bar wata matsala: yadda za a kwashe ɗimbin jama'a daga wuri zuwa wuri a cikin ƙasa mai tsarki. A Hajjin 2024, alal misali, mahajjata sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Dukansu wajibi ne su tsaya a Arfa ranar tara ga Zulhajji, su taso bayan faɗuwar rana zuwa Muzdalifa, washegari su koma Mina domin jifa. Ibada ce mai ƙayyadadden lokaci, ga zafin rana, ga cunkoson motoci. Tsoho ko mai rauni yakan galabaita ƙwarai a wannan tsakani.

Domin haka ne hukumomin Saudiyya suka buɗe jirgin Masha'ir a 2010. Tsawon layinsa kimanin kilomita 18 ne, yana da tashoshi tara: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. An tsara shi ya iya ɗaukar mutum 72,000 cikin awa guda. Abin mamaki game da shi shi ne, a kwanakin Hajji kawai yake jigila, sauran watannin shekara kuwa ba ya ɗaukar fasinja. Ba kowane mahajjaci ke samun shiga ba, da yawa har yanzu motocin safa ne ke kai su.

Jirgi na biyu shi ne na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018. Yana haɗa Makka da Madina ta Jidda, tazarar kusan kilomita 450, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, ya isa cikin abin da bai wuce awa biyu da rabi ba. Wannan sauri ya zo da nasa hukuncin. Wanda ya taso daga Madina da niyyar Umara ko Hajji ba ya halatta ya wuce miƙatin Zulhulaifa ba tare da harama ba, jirgin kuwa ba ya tsayawa a wurin. Don haka matafiya sukan yi wanka su ɗaura harami tun kafin su shiga, su yi niyya idan an zo daidai da miƙatin.

Duk da haka, babu ɗayan jiragen nan biyu da ke sauke mutum a ƙofar Masallacin Harami. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa ne. Baƙon da masaukinsa ke Zahir, wata unguwa a arewa maso yammacin masallacin, sai ya nemi tasi ko safa ta kai shi gida, daga can wata motar ta kusantar da shi Harami, ya ƙarasa da ƙafa cikin taron jama'a. Ɗawafi da sa'ayi da jifa kuwa na nan yadda kakanninsa suka same su.

Tambayoyi

1. Me ya sa wasu Hausawa suka zauna a Sudan?
2. Wace matsala jirgin Masha'ir ya zo ya magance?
3. Me ya sa mai tasowa daga Madina yake ɗaura harami kafin ya shiga jirgi?
4. Bayyana ma'anar waɗannan: maniyyaci, guzuri, yada zango, cin moriya.