Abubuwan da ya kamata ka sani kan mil da mita a allunan hanyoyin Birtaniya

Direban da ya saba da kilomita, in ya ga 70 a allon babbar hanya a Birtaniya, to mil 70 a awa ake nufi, wato kusan kilomita 113. Amma a wasu allunan mita ce ke aiki, kuma doka ce ta ba kowane ma'auni wurinsa.

Gudu da nisa

Dokar allunan hanya ta 2016, wadda ta shafi Ingila da Sikotilan da Wales, ta tanadi a rubuta iyakar gudu da mil. Nisa tsakanin garuruwa ma da mil ne, gajeren nisa kuma da yadi, wanda bai cika mita ɗaya ba. A cikin gari iyakar gudu yawanci mil 30 ce, sai dai Wales ta mayar da ita 20 a Satumbar 2023.

Gada da nauyi

Nan ne ganganci ke jawo asara. Duk gadar da tsayin ƙarƙashinta bai kai ƙafa 16 da inci 6 ba, ana kafa mata allon gargaɗi. Direban tirela da ya taso daga Faransa ko Folan, da mita ya san tsayin motarsa. In ya tarar da ƙafa da inci kaɗai, kafin ya gama lissafi ya riga ya shige. Shi ya sa tun 2016 dole sabon allon tsayi ko faɗi ya ɗauki ma'aunin biyu, kamar mita 4.4 tare da ƙafa 14 da inci 6. Nauyi kuwa da tan mai kilo 1,000 ake rubuta shi.

Me ya hana a sauya gaba ɗaya?

Birtaniya ta fara komawa tsarin mita a 1965, da niyyar sauya allunan gudu a 1973. Gwamnati ta jingine shirin a 1970, har yau kuma ba a farfaɗo da shi ba. Maƙwabciyarta Ailan ta mayar da iyakar gudu zuwa kilomita ranar 20 ga Janairun 2005, Ailan ta Arewa kuwa tana nan kan mil, don haka mai tsallaka iyakarsu sai ya sauya lissafi.

Abin da ya rage ga direba

Ka duba ko agogon gudun motarka mil yake nunawa ko kilomita. In babbar mota kake ja, ka san tsayinta da ma'aunin biyu tun kafin ka kama hanya, domin rigakafi ya fi magani.