Dutsen sama da aka ce zai faɗo Legas: ina aka kwana?

Jama'a, kun tuna labarin da ya tayar da hankali a farkon 2025, wai dutse zai faɗo daga sama? Sunansa 2024 YR4, an gano shi daga ƙasar Chile a Disambar 2024, faɗinsa kusan mita 60.

A Fabrairun 2025 hukumar NASA ta ce yiwuwar ya bugi duniya ranar 22 ga Disamba 2032 ta kai kashi 3.1 cikin ɗari. Legas na kan dogon layin da zai iya sauka, tun daga Kudancin Amurka har Indiya.

Da masana suka ƙara auna tafiyarsa, sai suka ga zai wuce duniya. To, kar wani ya sayar da shagonsa saboda tsohon saƙon WhatsApp.