Ciwon Sukari da Tumbi

Mai gida da uwar gida, ku lura da wannan. Tumbi ba ya aiki da kansa. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya da ƙirji har ta kai ciki. Ba jini take ɗauka ba, saƙo take kaiwa. Ita ke umurtar tumbi ya fid da ruwan tsami mai narkar da abinci, ya kuma matsa tuwo ya tura shi hanji. Ga mai lafiya, cikin awa 4 yawancin abincin ya wuce.

To, idan sukari ya daɗe da yawa cikin jini, sau da yawa shekara 10 ko fiye, sai ya lalata wannan jijiya sannu a hankali. Saƙo ba ya isa sosai. Ruwan tsamin yakan ragu, tumbi ya yi sanyin jiki, tuwo ya kwanta. Mutum ya yi loma uku ya ƙoshi, ciki ya kumbura, ga gyatsa, har ya yi aman tuwon dare da safe. Wani kuwa zawo ke tashinsa da dare, wani bayan gida ke ɗaure masa.

Mutanenmu sukan ce gyambon ciki ne, su jiƙa kanwa. Kanwa ba ta gyara jijiya.

Babban haɗarin shi ne ga mai allurar insulin. Allura ta fara aiki, abinci kuwa yana nan tumbi bai wuce ba, sai sukari ya faɗi. Alamarsa gumi, rawar jiki da jiri. Manomi yana iya faɗuwa a gonar shinkafa ta Bakolori ba kowa kusa. In yana iya haɗiya, a ba shi sukari ko zuma nan da nan. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti.

Mai wannan ciwo ya ci kaɗan kaɗan, sau 5 ko 6 a yini, ya tauna sosai. Kunu marar sukari da miya mai ruwa sun fi masa ƙosai da kitse, domin mai yana daɗewa a tumbi. Ganye a dafa shi ya yi laushi. Kada ya kwanta da gama cin abinci, ya ɗan zaga.

Daga Garbadu, a je Babban Asibitin Talata Mafara a auna jini, a faɗa wa likita zancen aman, domin ya daidaita lokacin magani da na abinci. Kafin azumi ma lalle a koma wurinsa.